Mai Almakashi Tsakanin Tudu da Tafki

A tashar da ma'aikatan gidajen masu hali ke jiran mota da sassafe, akwai gardamar da ta fi shekara ashirin ba ta mutu ba. Babban birnin yana da unguwannin masu kuɗi biyu a bayan gari, ɗaya a kan tudu ta gabas, ɗaya a bakin tafki ta yamma, kuma da wuya gari ya waye ba a tayar da maganar wacce ta fi ba. Kuku da direba da mai wanki da mai gadi, kowa yana kare unguwar da yake wa aiki kamar ubansa ne ya gina ta. In murya ta fara tashi sai wani ya ce, "Ku saurara, ga alƙali nan tafe."

Alƙalin wani dattijo ne siriri mai ɗan doro, ana ce masa Mai Almakashi, saboda ƙaton almakashin aske shingen furanni da yake rataye da shi a kafaɗa, naɗe cikin tsohon buhu. Shi kaɗai ne a tashar ya yi aikin lambu a unguwannin biyu: shekara goma sha takwas a tudu, ashirin da biyu a bakin tafki.

"Baba, tudu ta fi kusa da gari," in ji direba. "Minti ashirin da biyar kana ofis."

"Gaskiyarka," in ji Mai Almakashi. "Sai dai ƙasar tudu tsakuwa ce. Ka zuba mata bokiti goma, kafin ka juya ta shanye, tana kallonka kamar ba ta taɓa ganinka ba. Mutanenta ma haka suke."

Mai wanki, wadda ke aiki a tafki, sai ta hau tafi.

"Kada ki yi saurin tafi, 'yata. Ku kuma sauronku in ya ciji mutum, tsayawa yake ya tambaya ko akwai ƙari."

A yi dariya, mota ta zo, gobe kuma a ɗora daga inda aka tsaya.

Yana ɗan shekara sha tara ya shigo birnin, lokacin tudun duk daji ne, gidaje bakwai kacal. Aikin haƙa ramin gini ya fara. Wata rana wani tsohon mai lambu ya gan shi ya ajiye shebur, ya tone wani ɗan tsiron gwanda da hannu ya matsar da shi gefe don kada rami ya ci shi. Da aka tashi, tsohon ya kira shi ya ce, "Gobe ka bar ramin nan, ka zo wurina." A hannunsa ya koyi yadda ake gane ƙishirwar shuka daga launin ganye, da yadda ake yi wa lemo aure, da cewa ba a ba ciyawa ruwa da tsakar rana. Da tsohon ya rasu, shi ya gaji aikin gidan da tsohon yake kula da shi.

Gidan wani mai kamfanin manyan motoci ne. Katangarsa ta fi tsayin mutum biyu, da waya a samanta. A shekara goma sha takwas ɗin nan maigidan bai taɓa tambayar sunansa ba. In yana nemansa, sai ya ƙwanƙwasa gilashin taga da zobensa, ya nuna da yatsa. Akwai kofin gwangwani rataye a ƙusa bayan ɗakin janareta, shi ne na ma'aikata. Ba a taɓa zaginsa ba, ba a taɓa tauye masa haƙƙi ba. Ranar da aka sayar da gidan, daga bakin mai gadi ya ji.

A lokacin ne unguwar tafki ta fara cika, sai ya koma can. Ya tarar da wata duniya. Shinge gajere ne, iyakarsa ƙugu, kana ganin maƙwabci yana wanke motarsa. Ƙasa baƙa ce mai laushi, ko sanda ka soka sai ta yi tunanin tsirowa. Yara na yawo a keke suna "Baba, sannu da aiki!" Ruwan sanyi ake kawo masa a kofin gilashi irin wanda masu gida ke sha da shi. Sannu a hankali ya tara gidaje tara, kowanne da ranarsa. Ya san wanda karensa ke tone furanni, ya san wadda ke fitowa lambu ta yi kuka in mijinta ya fita, bai kuma taɓa kai labarin wani gida wani gidan ba.

Da yake yabon unguwar a gida, matarsa takan ɗago daga keken ɗinkinta ta ce, "Malam, suna sonka, ban musa ba. Amma suna sonka ne a inda suka ajiye ka."

"Ke dai ba kya rabo da tsegumi."

"Ni tela ce. Na san riga ta waje, na san ta ta ciki."

Ɗaki biyu suke da shi a wani layi mai cunkoso bayan babbar kasuwa, inda ko tukunyar fure ba ta da wurin zama. 'Ya'ya huɗu Allah ya ba su. Biyu sun koma tun suna goye, mace ɗaya tana aure a wani gari mai nisa, sai autan, wanda ya ci sunan mahaifin Mai Almakashi, don haka bai taɓa kiransa da komai ba sai Babana.

Cikin gidajensa tara akwai na wata tsohuwar shugabar makaranta, kowa Malama yake ce mata. Ita ta lura autan yana da kai. Duk Asabar uban yakan zo da shi, ya zauna ƙarƙashin gwabar gidan yana karatu. Malama ta ba shi littattafan ɗanta, ta ba shi takalman ɗanta da suka yi masa kaɗan, da riguna, da wanduna, har da jakar makaranta mai sunan ɗan nata rubuce a ciki da tawada. Yaron ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya masa. Ya yi karatu, ya wuce ɗan Malamar da kansa, ya zama lauya a wani babban ofishi a tsakiyar birni, ya auri 'yar wani tsohon manajan banki. Yanzu har uwarsa Lauya take ce masa.

Wata Asabar da rana Lauya ya zo gida, ya zauna a kan tabarma duk da sabon wandonsa, ya ce, "Baba, shawara na zo nema. Gida zan saya. An nuna min biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a tafki. A garin nan babu wanda ya san wuraren nan kamar ka."

Mai Almakashi ya dubi ɗansa. Shekara arba'in yana shiga unguwannin nan ta ƙaramar ƙofa. Ya share fuska da hannu ya ce, "Babana, ba ni mako uku. Gani ya kori ji."

Ya ɗauki aikin kamar na sarki. Ya nemo dillalin gidajen, ya karɓi makullai. Gidan tudu ya je sau biyu. Babba ne, mai bene, kana hango birnin gaba ɗaya daga sama. Amma ya zagaya baya ya ga ruwan gidaje uku na sama duk a gindin katangarsa yake taruwa, ya ga tsaga siririya kamar gashi da aka shafe da sabon fenti. Ya ɗibi ƙasa ya murza, tsakuwa ta zube daga hannunsa. Ya tsaya a titi rabin sa'a, bai ga yaro ko ɗaya ba, bai ga hanyar ƙafa ba, sai motoci masu baƙin gilashi da haushin karnuka bayan katanga.

Gidan tafki kuwa ya san shi tun ana aza tubalinsa. Bai kai na tudu girma ba. Amma yana da mangwaro biyu, ruwan sama yana gangarewa da kansa zuwa magudana, makarantar yara tana ƙarshen layi, asibiti tafiyar minti goma ne a ƙafa. A baya kuma akwai wani ɗaki mai taga tana kallon gabas, da ɗan fili a gabansa wanda zai ɗauki kwatancin kunya shida na kayan lambu. Ya daɗe tsaye a ɗakin nan. Har ya auna inda keken ɗinki zai zauna, sannan ya ji kunyar kansa ya fita.

Ranar da ya ba da rahoto, sa'a biyu ya yi yana bayani, tun daga gara har cunkoson motoci. Bai ɓoye sauron tafki ba, bai ɓoye nisa ba. Lauya yana gyaɗa kai, yana murmushi, yana cewa, "Baba, ai kai ya kamata a ba ofishin tsara birni." A ƙarshe ya ce zai kai matarsa da surukinsa su ga na tafkin.

"Malam," in ji uwar Lauya bayan ɗan ya tafi, "ka ja bakinka har a gama. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Ya yi niyyar ja. Amma mutumin da ya riƙe asirin gidaje tara shekara ashirin ya kasa riƙe farin cikinsa kwana biyu. Malama ya fara gaya wa, don ya ga haƙƙinta ne. Daga nan mai gadin babbar ƙofa, daga nan mai wanki. Kafin mako ya zagayo unguwar duk ta ji ɗan Mai Almakashi zai sayi gida a cikinsu. Shi kuma ya ware lemo goma sha ɗaya da ya yi wa aure da hannunsa, cikin baƙaƙen ledoji, ya jera su a inuwa bayan gidan Malama.

Ba ya nan ranar da Lauya ya kawo matarsa da surukinsa. Washegari mai gadi ya tare shi da murna.

"Baba, jiya mun yi maka kara! Ina ganinsa na ce, a'a, ɗan Mai Almakashi ne, buɗe masa duka ƙofar! Mutane suka firfito. Malama har da sandarta ta tako. Ta kama kuncinsa tana cewa, wannan ai ɗana ne, takalman yarona ya sa ya yi firamare gaba ɗaya, har yanzu ina da hotonsa da wandon da na rage masa. Surukin nasa sai kallo yake."

"Shi Babana me ya ce?"

"Dariya ya yi mana. Ya gaishe da kowa. Yaro mai ladabi."

Mai Almakashi ya ji daɗi, ya kawo labarin gida da zafinsa. Matarsa ta tsayar da keke. Ta daɗe tana kallon allurar.

Mako biyu Lauya bai zo ba, waya ma gaisuwa ce a taƙaice. A mako na uku Mai Almakashi ya haɗu da dillali a bakin titi, dillalin ya ce, "Baba, ina taya ka murna. An sa hannu jiya. Na tudun ya ɗauka."

Ya tsaya da almakashi a kafaɗa har dillalin ya tayar da babur ya tafi.

Da la'asar ɗin ranar Lauya ya zo. Wannan karon a bakin gado ya zauna, yana juya makullin mota a hannu.

"Baba, na so in gaya maka da kaina."

"Katangar bayan gidan nan za ta ba ka wahala, Babana. Na faɗa maka."

"Na sani."

"To nisa ne? Minti ashirin ne fa bambancin."

"Ba nisa ba ne."

Uwar ta miƙe za ta fita, ɗan ya ce, "Inna, zauna." Ya sunkuyar da kai. "Baba, duk abin da ka faɗa a kan gidan tafki gaskiya ne. Ya fi. Amma a can ba zan taɓa zama maigida ba. Ko shekara hamsin na yi, ni ne yaron da ya sa wandon wani. 'Ya'yana za su fita wasa, a nuna musu gwabar da ubansu ya zauna yana jiran a miƙo masa ragowar abinci. Kai ka ga alheri, kuma alheri ne. Ni duk Asabar ɗin nan ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa gaya maka ba, don na ga kana murna."

"Kunyata kake ji."

"Wallahi Baba ba kai ba ne."

"To wane ne? Ni ne dai na kai ka."

Lauya ya daina juya makullin. Hawaye ya sauko masa, bai share ba. Ya ce, "A tudu babu wanda ya san kowa. Abin da nake nema ke nan."

Mai Almakashi ya tuna shi da bakinsa ya faɗi wannan magana a tasha fiye da sau ɗari, a matsayin aibin tudu. Ya ce, "Allah ya sa albarka. Allah ya sa gidan zama ne." Ya sa takalmi ya fita, ya zauna a kan dakalin mai shago har motar ɗan ta bar layin.

Duk da haka, bayan an tare da wata ɗaya, ya zaɓi lemo biyu mafiya kyau, ya rungume su a mota har tudu. A babbar ƙofa masu gadi sababbi ne, yara, babu wanda ya san shi.

"Tsoho, wane gida za ka yi aiki? Ina katinka?"

"Gidan ɗana na zo."

Suka dubi juna, ɗaya ya danne dariya. Aka buga waya. Surukarsa da kanta ta zo da mota, ta fito ta rusuna ta gaishe shi a gabansu, ta karɓi ledojin da hannunta duk da ƙasar da ke zuba a rigarta. Yarinyar kirki ce, bai taɓa samunta da laifi ba. Da suka shiga gidan ya ga an shafe filin gaba ɗaya da duwatsun ado, an shimfiɗa ciyawar roba kore shar a gefe. Babu tafin hannu ɗaya na ƙasa a buɗe.

"Kamfani ne suka yi, Baba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Sun ce ba ta son ruwa."

"Ƙwarai, ba ta so," ya ce. Ya ajiye lemon a gindin katanga. Da ya sake zuwa ba su nan, bai kuma tambaya ba.

Daga nan Lauya ya matsa masa ya bar aiki. Ya ce shekaru sun ja, ya ce gwiwa, ya ce zai ɗauki nauyin komai. Mai Almakashi ya san gwiwar gaskiya ce, ya kuma san ba ita kaɗai ba ce. Ya yi shekara guda yana turjewa, har wata safiya matarsa ta ce, "Malam, ka bar shi ya yi maka abin da zai iya, tunda wanda kake so ba zai iya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya bi gidajen tara ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Sauran lemon tara ya raba musu, kowane gida ɗaya. Malama ya bari a ƙarshe. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune a kujerar lambu da bargo a cinya.

"Har yau ban gane abin da ya hana yaron nan sayen gidan can ba," ta ce.

"Nisa da ofis, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana dubansa. "Bakina ne, ko?"

"Haba, Malama. Ke da kika yi masa abin da uwa ke yi."

Ta kama hannunsa mai kaushi ta riƙe. Wata huɗu bayan nan ta rasu. Mai Almakashi ya je gaisuwa shi kaɗai. Lauya yana wata shari'a a wani gari, ya aiko da saƙo mai kyau.

A damina ta biyu katangar bayan gidan tudu ta zube. Lauya ya sa aka gyara ba tare da ya gaya wa uban ba. Mai Almakashi daga bakin matarsa ya ji, ya ce, "Babu wanda ya ji ciwo dai?" Ta ce babu. Ya ce, "To madalla," ya juya fuska ga bango.

Yanzu Lahadin farko ta kowane wata ake aiko mota ta ɗauke su. Yana sa babbar rigar da ɗan ya ɗinka masa, ya zauna a falo mai sanyi, jikoki biyu su hau cinyarsa. Ana girmama shi, ana zuba masa abinci kafin kowa. Wata Lahadi wani maƙwabci ya shigo, ma'aikacin kamfanin mai, aka gabatar da shi: "Mahaifina ne, ya yi ritaya." Hira ta yi hira, maƙwabcin ya hau ƙorafi cewa ya kashe dukiya a kan furanni, duk sun ƙone.

"Masu lambun yanzu ba su san komai ba," ya ce. "Baba, ku da kuka daɗe a garin nan, ko ka san wani tsohon hannu?"

Cokalin Lauya ya tsaya a iska. Surukar ta dubi faranti. Mai Almakashi ya ga fuskar ɗansa, ya ga irin kallon da ke cikin idonsa, kallon da ya kamata a ce ya gani tun shekara ashirin da suka wuce.

"Na taɓa sanin wani," ya ce. "Amma ya daina."

"Kash."

"Sai dai na ji yana cewa kada a ba su ruwa da rana tsaka. A bari sai ta yi sanyi."

Maƙwabcin ya yi godiya, aka koma maganar siyasa. A hanyar komawa gida uwar ta kai hannu ta gyara masa wuyan riga, wanda babu abin da ya same shi, ta bar hannun a kafaɗarsa har suka iso bakin layi. Direba ya tambaya ko ya shiga da su ciki. Mai Almakashi ya ce a'a, layin ya yi wa motar ƙunci, za su ƙarasa da ƙafa.